Jagoran da Na Ɗauka a Badaguishiri

Shekarar da na aje aikin koyarwa, ƴarmu da ke aure a Tawa ta haihu, sai muka shirya ni da maiɗakina za mu suna. Lokacin sanyi ne. Muka shiga motar haya a tashar Ƙonni da sassafe, ita da ƙullin kayan jariri a cinya, ni kuma cikin babbar rigata mai aiki, wadda ba na fito da ita sai da dalili.

Muna gangarawa Badaguishiri motar ta fara wani irin kuka daga ƙasa, kamar ana jan kwano a kan siminti. Direba ya lallaɓa da ita har bakin tasha ya kashe. Bakanike ya zo ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu, ya ce wani ƙarfe ne ya karye, kuma babu irinsa a garin sai an aiko daga Tawa. Direba ya ce kowa ya nemi inuwa, ba tashi sai bayan la'asar.

Fasinjoji suka hau tsaki da mita. Ni kuwa daɗi na ji, kuma sai na faɗi dalili.

Shekarun baya na taɓa raka ƙanena Kwatano, inda yake sayo tsofaffin motoci. Muna bakin tashar jiragen ruwa sai ga wani jirgi mai benaye, ya fi duk ginin da na taɓa gani tsawo. Aka ce na ƴan yawon buɗe ido ne, yini guda yake yi a kowane gari ya wuce. Tsofaffin Turawa suka yi ta saukowa. Wasu suka bi wani mutum mai riƙe da ƴar tuta, wanda ake kira gid da Faransanci, wato jagora, ya zuba su a mota. Wani tsoho da matarsa kuwa suka ƙi, suka kama hanya su kaɗai. Da yamma na ga dawowarsu duka. Masu jagora suka sauko daga mota fes, suna dariya. Tsohon da matarsa sai da jirgi ya fara busa suka ɓullo da gudu, fuska ja wur, suna faɗa da juna, shi yana rungume da wata ganga da na tabbata bai san abin da zai yi da ita ba.

Daga wannan kallo na yini guda na fitar da darasi, na dawo da shi Ƙonni. Na koyar da shi a lakwal, wato makaranta, na faɗe shi a fadar da muke shan shayi, na maimaita shi a gida har yara suna ƙarasa mini ƙarshensa: mai hankali idan ya sauka baƙon gari, jagora yake nema. Abin da ban taɓa samu ba shi ne damar gwadawa, don ni ba matafiyi ba ne. Badaguishiri ma na ratsa ta ba adadi, amma ban taɓa sanin komai nata ba sai abin da ake gani ta tagar mota.

Maiɗakina ta damƙa wa wata fasinja ƙullinta, ta gyara mayafi.

"Malam, ni zan shiga kasuwa in ga gari."

"Ke kaɗai?"

"Da bakina."

Na fara mata bayanin tsohon nan da matarsa. Ta bari na kai wajen gangar, sannan ta ce, "Malam, nan Hausa suke yi." Ta juya ta tafi.

Na nufi inda ƴan kabu-kabu suke jere da baburansu. Na yi sallama, na gyara gilashina, na ce ina neman gid.

"Gidan wa, Alhaji?" in ji na farko.

Na ce ba gida ba, gid, mutumin da ya san gari ciki da waje, wanda zai zaga da ni ya yi mini bayani. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce in faɗi inda za ni kawai a kai ni. Ina cikin ƙoƙarin fahimtar da su sai na lura da wani can gefe ƙarƙashin bishiyar bedi, zaune a kan babur shi kaɗai. Zai yi shekara talatin. Rigarsa wankakka ce, hularsa sabuwa, babur ɗin ma an goge shi yana ƙyalli. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya daɗe a kan aikin rigata da furfurar gemuna, sannan ya miƙe.

"Baba, ni zan kai ka."

Na ce a raina, ga wanda ya san aikinsa. Da na tambayi abin da zan ba shi, sai ya ce in zuba mai kawai. Wannan ya ƙara mini yarda da shi. Na tattara babbar riga na hau.

Muka shiga gari. Muka wuce wani masallaci, na taɓa kafaɗarsa na ce yaushe aka gina shi.

"Ya daɗe, Baba."

Na nuna tsaunin da ya yi wa garin katanga ta wancan gefe, na ce mene ne sunansa.

"Dutsi muke ce mishi."

Na gyaɗa kai. Na ɗauka irin mutanen nan ne masu zurfin ciki, waɗanda sai an saba suke buɗe baki. Muka bi wani lungu muka ɓullo gaban wani mai shayi. Muka bi wani lungun, muka sake ɓullowa gabansa. A karo na gaba mai shayin ya ɗaga mana hannu. Na ce ina son ganin lambunan fadama, inda ake noman albasa da kabeji, don na sha jin labarinsu.

"Za mu je, Baba. Amma akwai wurin da ya hi shi."

Shi ne ya koma yi mini tambayoyi. Ina da ƴaƴa masu aure? Na ce har jika za ni gani. Na iya magana gaban mutane? Nan na yi dariya, na ce yaro, rayuwata duka a gaban mutane na yi ta, na tsaya gaban sufeton makarantu, na tsaya gaban iyayen yara masu fushi, ban taɓa rasa abin faɗi ba. Na ji ya sauke numfashi, ya ce alhamdu lillahi.

Ya tsaya bakin wani tebur, ya ce al'adar garin nan ba a shiga wurin da za mu hannu sake, sai da goro da sukari. Raina ya yi fari. Ga irin abin da maiɗakina ba za ta taɓa sani ba tana yawo ita kaɗai. Ni na saya da hannuna, na rungume ƙullin a ƙirji muka ci gaba.

Gidan yana can ƙarshen gari, inda rumbunan ƙasa suke tsaye manya-manya. Bai tsaya a ƙofa ba. Ya kashe babur tun daga nesa, ya tura shi bayan wani rumbu ya ɓoye. Sallamar da ya yi, da ƙyar ni da ke kusa da shi na ji ta, sai da na ƙara tawa. Wani dattijo ya fito yana tufkar igiya. Bai ko kalli jagorana ba. Ni ya duba, ya amsa mini da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure aka kawo ruwa. Kafin in gama sha wasu dattawa biyu sun shigo sun zauna.

Na aje goro da sukari, na ɗaga kai ina kallon azarar rufin zauren. Na ce gini mai kyau, na tambayi irin itacen da aka yi amfani da shi. Maigidan ya ce giginya ce, ya ci gaba da tufkarsa. Na waiwaya in ji ƙarin bayani daga jagorana, sai na gan shi can bakin ƙofa a kan ƙasa, ya naɗe ƙafafu, kai a sunkuye.

"Baba," ya ce wa maigidan, "ga babana ni taho da shi, kamar yadda kunka ce."

Na duba bayana. Ba kowa sai bango.

"To, madalla," in ji maigidan. "Muna saurare."

Na karkata wajen jagorana, na yi ƙasa da murya. "Me zan ce?"

"Haƙuri za ka ba su."

"Haƙurin me?"

"Na akuya!" Muryar mace ce daga bayan bangon zaure, kuma ba ta yi ƙasa da ita ba.

Matar maigidan ce, surukar jagorana. Ba ta fito ba, amma daga inda take ta ba ni labarin duka, ba tare da na tambaya ba. Mutumin nan ɗan Bazaga ne, can yamma da Ƙonni. Ƴarsu yake aure, wadda ta tashi a hannun gwaggonta a can Bazaga. Da za ta tare, uwar ta ba ta jar akuya. Akuyar na da ciki babur ɗinsa ya lalace, sai ya faki idon matar ta tafi gaisuwar mutuwa, ya kai akuyar kasuwa ya gyara babur. Da ta dawo ya ce mata akuya ta tsinke. Daga baya wata maƙwabciya ta gan ta ɗaure a wani gida a ƙauyen gaba. Yarinya ta haɗa kayanta ta taho gida, iyayenta kuma suka aika masa kada ya tako ƙofarsu sai da babba daga danginsa. Baffanninsa suka ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Tun jiya ya iso garin, ya kwana a tasha, ya kasa ƙarasowa.

Wato babur ɗin da na yini a kai ina tambayar sunan tsauni, akuyar mutane ce.

Na gyara zama na faɗi gaskiya. Na ce ni mutumin Ƙonni ne, tsohon malamin lakwal, motarmu ce ta lalace, kuma wannan bawan Allah ban taɓa ganinsa ba sai yau. Ɗaukarsa na yi ya nuna mini gari.

Sai ɗaya daga cikin dattawan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Shi za ya gwada maka gari?" in ji maigidan. "Wanga da ranar ɗaurin aurenshi sai da anka bi sawu anka nemo shi bayan kasuwa?"

Ya ce tun shigowata ya san ni ba baban jagorana ba ne, don ya san danginsa kaf. Amma tunda na zo da furfura na zauna a tabarmarsa, kuma ga goro an aje, ba zai tashe ni ba sai ya ji abin da ke bakina.

A nan ya kamata in yi godiya in nemi takalmina. Amma an ce ana saurare na, kuma tun da na aje aiki ba wanda ya faɗa mini haka.

Kafin in buɗe baki surukar ta riga ni. "Haka kuke renon ɗiya a gidanku? Namiji ya sayar da abin matarshi ya yi mata ƙarya?"

Na ji bakina yana cewa, "A yi haƙuri, Hajiya. Kuskure ne, ba za a sake ba." Har da dafa ƙirji. Ta ƙara, na ƙara ba da haƙuri. Ta kawo maganar wani zane da ya yi alkawari tun sallar bara, na ce wannan ma ba a kyauta ba, za a duba. Sai da na ɗauki laifin gidan da ban san ko ina ƙofarsa take kallo ba.

Sannan na yi jawabi. Na yi magana a kan aure da amana, na kawo misalin iyayenmu, na jefa Faransanci inda Hausa ta isa. Ban san ta yadda aka yi ba, har Kwatano ta shigo ciki. Maigidan yana ta tufkarsa yana cewa haka ne. Dattijon da bai yi dariya ba ya jingina da bango, idonsa ya rufe. Ni dai ina jin daɗin muryata a zauren nan, don rufinsa yana mayar da sauti da kyau.

Da na tsaya shan ruwa sai wata murya ta fito daga bayan ƙyaure, siririya, ba irin ta uwar ba.

"Baba, in yi magana?"

Matar jagorana ce. Maigidan ya ce ta yi.

"Da ya tambaye ni, da na ba shi. Da babur ɗin muke ci. Amma ya bar ni ina bin gida-gida ina cigiya, ina shiga gonakin mutane ina kiran akuya, har shi ma ya raka ni wani yammaci yana taya ni kira. Shi ne abin da na kasa mantawa."

Na nemi abin da zan ce a cikin duk abin da na tara shekara da shekaru, ban samu ba. Mijin ya ɗago, idonsa ya kaɗa, ya ce da ita kai tsaye, ba ta bakina ba, "Na ji kunya ne in ce miki ban da abin gyara. Da na yi ƙaryar kuma sai na rasa ta inda zan fito. Ki yafe mini." Maganarsa ke nan duka, kuma ita ce aka ji.

Maigidan ya aje igiya ya yanke magana. Yarinya ba za ta bi shi yau ba. Mijin ya koma ya fanso jar akuya ya ɗaure ta a turkenta, ya shiga gidajen da ta yi cigiya ya faɗa musu da bakinsa inda akuyar ta tafi, sannan ya dawo da baffansa na gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Ba raini ba, Malam." Na ce ko kusa.

Aka kawo fura mai sanyi da nono. Muka yi azahar da ta kusa kuɓuce mana, hira ta ɓarke a kan farashin wake da ruwan bana. Ina cikin ba su labarin wani sufeto sai na ji kiran la'asar, na miƙe zumbur ina neman takalmina.

A hanyar komawa jagorana ya ɓata. Sai da muka tsaya na tambayi wata mai tuyar ƙosai ina tasha, ta nuna mana da matsami, ga ta nan bayanmu. Mun tarar an gyara mota, kowa ya zauna, direba yana danna oda. Na sauka ina tattare riga, fasinjoji suna leƙowa ta taga suna faɗin abin da suka ga dama. Jagoran ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya saka, ya roƙi in kwatanta masa gidana a Ƙonni. Don in samu ya sake ni na kwatanta.

Maiɗakina tana zaune a wurinta, ƙafafunta a kan buhun albasa, ga kabeji biyu a cinya, ga sabuwar tukunyar ƙasa. Mota na tashi ta fara ba ni labari. A kasuwa ta tambayi wata mai sayar da tumatir daga ina ake kawo shi, matar ta ce in tana so ta biyo ta ta gani. Suka gangara fadama a amalanke. Ta ga rijiyoyi da injinan ban ruwa, ta ga albasa kore shar har inda ido ya tsaya, ta taya mata tsinkar tumatir, aka dafa musu dambun zogale a bakin lambu. Da za su dawo suka biyo ta kan tudu, ta hango garin duka a ƙasa da kwarin da ya ratsa shi. Har ta gano matar ta san wata ƙawarta da ke aure a Malbaza.

"Kai fa, Malam? Me gid ya nuna maka?"

"Al'adun gari," na ce.

"Wace iri?"

"Ta cikin gida. Irin wadda baƙo ba ya gani."

Ta dube ni ta gefen ido, ta ce to. Ba ta sake tambaya ba, kuma ta san abin da ba na iya jurewa ke nan. Kafin mu hango fitilun Tawa na faɗa mata komai. Ta yi dariya har kabeji ɗaya ya gangara ƙarƙashin kujera. Ranar suna kuwa, ina zaune waje cikin maza ina jin shewa tana tashi daga cikin gida, na san ba don jariri ba ne.

Bayan damina ta faɗi, wata ranar kasuwar Ƙonni, aka yi sallama a ƙofata. Na fito na gan shi a kan babur ɗin nan, mace a bayansa, da ƙullin wake. A ranar na fara ganin fuskarta. Ta durƙusa ta gaishe ni da Baba, ta ce akuya tana turke, kuma ya shiga gidajen duka, har da na wata tsohuwa da ta sa shi ya maimaita don ba ta ji sosai.

Tun daga nan gidana ya zama masauƙinsu. Duk ranar kasuwa a zaurena yake aje babur. Da cikinta ya tsufa, wurinmu ta zauna don kusa da likita, maiɗakina ce ta kwana da ita ranar haihuwa. Aka kira mu suna Bazaga, aka zaunar da ni a sahun gaba tsakanin baffannin nan da suka ƙi zuwa, suna ta satar kallona. Da aka zo rabon nama, wani ya tambaya ko a kai wa Malam na dangin uwa ne ko na dangin uba. Aka yi ta shawara ba a daidaita ba, daga ƙarshe aka ba ni duka biyun, muka ƙulle a leda muka kamo hanyar gida kafin hadari ya haɗu.